Ɗalibi Kirista a Jami'a a Kano: Yadda Ake Tsara Shekarar Farko

Wanda ya samu gurbin karatu a Kano, ko ɗan Sabon Gari ne, ko daga Rano da Tudun Wada ya taso, ko daga Kafanchan, Jos ko Biliri, abu uku ne za su riƙa jan rigarsa a lokaci guda: karatu, ibada, da zama da mutane. Dukansu daga awoyi 24 ɗin nan suke ci. Idan ba ka raba musu lokaci da kanka tun makon farko ba, ɗaya zai cinye sauran, kuma sai sakamakon zangon farko ya fito za ka gane wanne ne. Yawancin misalanmu daga Jami'ar Bayero suke, domin ita ce babba a birnin, amma maganar ta shafi ɗalibin jami'ar jiha da na kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha.

Takardu tukuna

Kafin ka ɗaure kaya, shimfiɗa takardunka a tabarma ka karanta sunan da ke kan kowace: sakamakon WAEC ko NECO, takardar JAMB, katin NIN, takardar haihuwa, da shaidar ƙaramar hukuma. Matsalar da ta fi kama yaranmu ita ce sunan baftisma. A gida kana Ayuba Musa, a coci aka ƙara maka Emmanuel, sai sunan ya shiga takarda ɗaya ya bar sauran. A wurin tantancewa, sunaye biyu mutum biyu ne. Idan akwai saɓani, je kotu ka yi takardar rantsuwa tun kana gida, kuma ka tsaya a kan jerin sunan da ke JAMB, domin shi zai bi ka har bautar ƙasa. Ka tabbatar ka amshi gurbin a shafin CAPS na JAMB ka kuma buga takardar shaidar ɗauka daga can. Takardar jami'a kaɗai ba ta wadatar ba.

Kuɗin rajista a jami'ar tarayya ta Remita ake biya, wato hanyar biyan kuɗi ta intanet. Ka ciro lambar biyan da kanka daga shafin jami'a, ka duba sunanka a jiki kafin ka biya. Kada ka tura wa kowa kuɗi a asusunsa don ya ce zai yi maka da sauri, ko da ya gabatar da kansa a matsayin ɗan'uwa cikin Ubangiji. Kowace rasit ka yi mata kwafi 3, ka ɗauki hotonta ka aika wa kanka ta imel. Hotunan fasfo ka zo da kamar 12, za su ƙare.

Idan kuɗin gida bai kai ba, akwai rancen ɗalibai na NELFUND wanda aka soma a 2024. Ba ruwa a kansa, kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa jami'a, ana kuma ba da naira 20,000 a wata na hidimar kai ga wanda ya nema, sannan biya yana farawa shekara 2 bayan gama bautar ƙasa. Bashi ne dai, don haka a zauna da iyaye a yi shawara kafin a cika.

Ina za ka kwana

Jami'ar Bayero tana da tsohon matsuguni a cikin gari wajen Kabuga, da sabon matsuguni a kan titin Gwarzo bayan Rijiyar Zaki, sannan ɗaliban likitanci suna ƙarasa karatunsu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya. Fara gano inda sashenka yake kafin ka nemi ɗaki. Iyaye da yawa sukan so yaro ya zauna wurin dangi a Sabon Gari don hankalinsu ya kwanta. Mun fahimci dalilin, amma ga mai lakca a sabon matsuguni wannan tafiya ce ta hawa biyu ko uku a A Daidaita Sahu, zuwa da dawowa, kowace rana, ga cunkoson Kabuga da safe. Lakcar ƙarfe 8 za ta riƙa wuce ka, kuɗin mota kuma ya cinye na abinci. Tun 2013 aka hana acaɓa a cikin birnin, don haka babu wata gajeriyar hanya. Shawararmu ga ɗan aji ɗaya ita ce hostal. Gado yana ƙarewa da wuri, sai ka nema ranar da aka buɗe shafin.

Idan hostal bai samu ba, ɗalibai sukan kama ɗaki a Danbare, Rimin Gata, Rijiyar Zaki, Janbulo ko Dorayi. Kafin ka biya, ka tambayi ruwa: rijiya ce, burtsatse ne, ko daga 'yan garuwa ake saye? Ka je gidan da rana ka sake zuwa bayan magariba ka ga yanayin layin. Ka kuma gaya wa mai gida ko dillali kai Kirista ne tun kafin kuɗi ya shiga hannunsa. Wanda zai ƙi ba ka, gara ya ƙi yau da ya tashe ka a tsakiyar jarrabawa. Ka tambayi dokar gidan game da baƙi, musamman mace ta ziyarci namiji ko namiji ya ziyarci mace, domin a unguwannin Kano wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma maƙwabta suna lura.

Lissafin maki, wanda ba a cika yi wa sabon ɗalibi bayani ba

A nan za mu ɗan daɗe. Daga maki 70 zuwa sama A ne, darajarsa 5. Daga 60 zuwa 69 B, 4. Daga 50 zuwa 59 C, 3. Daga 45 zuwa 49 D, 2. Daga 40 zuwa 44 E, 1. Ƙasa da 40 faɗuwa ce, sifili. Kowane kwas yana da nauyinsa, wato kiredit, yawanci 2 ko 3. Ana ninka daraja da kiredit, a tara, a raba da jimillar kiredit, abin da ya fito shi ne matsakaicin makinka.

Ɗauki ɗalibi mai kwas 6, kiredit 15. Ya ci A a mai kiredit 3, ya samu 15. B a wani mai 3, 12. C a mai 3, 9. B a mai 2, 8. D a mai 2, 4. Ya faɗi ɗaya mai kiredit 2, sifili. Jimilla 48, a raba da 15, ya tashi da 3.20. Da kwas ɗin da ya faɗi C kawai ya samu, da jimillar ta zama 54, ya tashi da 3.60. Layin digiri mai daraja ta biyu babba yana kan 3.50, na ɗaya kuma 4.50. Kwas ɗaya ƙarami, wanda sau da yawa irin na gama-gari ne da ɗalibai ke rainawa, shi ya tsallakar da shi ƙasan layi. Kuma bai rabu da shi ba, zai sake ɗaukarsa baɗi, ya zauna da ƙannensa, watakila lokacin lakcar ya ci karo da na wani kwas na aji biyu.

Ga abin da ya fi wannan nauyi. A ce digirin shekara 4 ne, kiredit 36 a kowace shekara. Wanda ya gama aji ɗaya da 2.50, idan yana son fita da 3.50, sai ya riƙe kusan 3.83 a dukan shekaru ukun da suka rage, lokacin da kwasa-kwasan suka fi tsauri. Shi ya sa muke cewa aji ɗaya ba lokacin sabawa da gari ba ne kawai. Makin da ya fi sauƙin samu a nan yake.

Abubuwan da ke kayar da mutum sanannu ne. Tes da aikin gida suna ɗauke da kashi 30 ko 40 cikin 100, gwargwadon sashe, kuma wanda ya rasa tes ya shiga jarrabawa da ƙafa ɗaya. Ƙa'ida ita ce halartar kashi 75 cikin 100 na lakca, wasu malamai kuma suna bin ta sau da ƙafa. Sai rajistar kwas: idan ka zauna jarrabawar kwas da ba ka yi wa rajista ba, babu sakamako, idan kuma ka yi rajista ba ka zauna ba, faɗuwa ce. Ka kai fom ɗinka wurin malamin da ke kula da ajinku ya duba ya sa hannu, ka ajiye kwafi. Ɗaliban likitanci nasu tsarin daban ne bayan shekarar farko, su tambayi sashensu.

Maganar satar amsa gajeriya ce. Hukuncinta yakan kai kora, kuma wanda ya bari aka kwafa daga takardarsa shi ma yana ciki. Tausayin ɗan'uwa a zauren jarrabawa ba ƙauna ba ce. Ka koya masa mako guda kafin ranar.

Zumunci, da iyakarsa

Ka nemi zumuncin ɗalibai a makon farko, kada ka jira sai kaɗaici ya kama ka. A makarantun Arewa za ka tarar da ƙungiyoyin ɗalibai Kirista irin su FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957, akwai NIFES, 'yan Katolika kuma suna da NFCS. A nan za ka samu 'yan aji uku da huɗu na sashenka masu tsofaffin tambayoyin jarrabawa, waɗanda suka san halin kowane malami. Ka tabbatar ƙungiyar da za ka shiga tana da rajista da ofishin harkokin ɗalibai kuma tana da malami mai ba ta shawara. Taron da ake yi a ɗakin wani, ƙarƙashin mutum ɗaya da ba ya amsa wa kowa, wanda ke neman baiko na musamman ko yake cewa annabci ya fi karatu, ka yi nesa da shi.

Zumunci nagari ma yana iya cinye ka. Sujadar Lahadi, nazarin Littafi Mai Tsarki a tsakiyar mako, taron addu'a, koyon waƙa sau biyu, kwanan addu'a ranar Juma'a, ziyarar marasa lafiya: mai murya ko mai iya kiɗa kafin ya ankara ya ba da awa 15 a mako. Ga ɗan aji ɗaya muna ba da wannan ma'auni: Lahadi, taro ɗaya a tsakiyar mako, da hidima ɗaya tak. Kada ka karɓi shugabanci a shekarar farko. Mako 3 kafin jarrabawa ka ajiye hidimar, ka gaya wa shugaban sashenka a fili. Shugaba mai hankali zai sa maka albarka. Iyayen da suka sayar da hatsi suka biya rajista, karatu suka aiko ka, kuma riƙe wannan amana ibada ce.

Addu'arka ta kanka ka ba ta lokaci tsayayye. Kiran sallar asuba zai tashe ka ko ba ka so, to minti 20 bayansa, kafin layin banɗaki ya yi tsawo, lokaci ne mai kyau na karanta sura ɗaya da addu'a. Idan kana son zuwa cocinku na gida a cikin gari, ECWA ko Anglika ko Baftis ko babban cocin Katolika na Our Lady of Fatima a Sabon Gari, ka lissafa kuɗin mota da rabin yini. Sau ɗaya a wata ya isa, sauran Lahadin ka yi sujada a makaranta. Idan an tsaya bincika jaka a ƙofar wurin sujada, ka ba da haɗin kai. Waɗanda suka san harin da aka kai wa masu sujada a tsohon matsugunin Bayero ranar 29 ga Afrilu 2012 ba sa ɗaukar wannan binciken da wasa.

Wani lokaci malami zai sa lakcar cike gibi ko tes ranar Lahadi da safe. Yawanci ba da wata manufa ba ne, ranar ce ya ga zaure babu kowa. Kada ka yi shiru ka ƙi zuwa, kada kuma ka tayar da magana a tsakiyar aji. Ku biyu ko uku ku sami kaftin ɗin aji a ranar da aka sanar, ku je ofishin malamin tare, da wani lokaci a hannu. "Ranka ya daɗe, muna da sujada daga ƙarfe 8 zuwa 11. Ko zai yiwu a mayar da shi ƙarfe 2 da rabi, bayan azahar?" Wanda ya zo da mafita, wadda ta kiyaye lokacin sallar abokan karatunsa ma, ya fi samun biyan bukata. Idan abin ya ci tura, malamin da ke ba zumunci shawara shi zai yi magana da abokin aikinsa.

Ɗaki ɗaya da Musulmi

Kusan tabbas abokan ɗakinka Musulmi ne, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi karatu a Kano za su gaya maka a nan suka samu aminan da suke tare har yau. Abin da ake bukata kaɗan ne, amma a kiyaye shi. Ba a gittawa ta gaban mai salla. Ba a taka dadduma da takalmi. Alƙur'ani ko littafin da ke da ayoyi, kada ka ɗauka ko ka ɗora wani abu a kai, idan yana kan teburin da kake bukata ka ce mai shi ya ɗauke. Butar alwala ba ta wanke-wanke ba ce. Idan ana kiran salla ka rage sautin waƙa, sauran lokaci ma abin kunne ya fi. Naman alade da giya kada su shigo ɗakin ko kusa. Kai ma ka faɗi naka da sakin fuska: "Malam, ni da asuba nakan yi addu'a na ɗan lokaci, kada ka ga na yi shiru." Mutumin da ke salla sau biyar a rana ya san darajar wannan.

Ga Bahaushe Kirista akwai ƙarin abu. Sunanka Ibrahim ko Maryamu, Hausarka ta fi ta kowa a ɗakin, kowa zai ɗauka Musulmi ne kai. Ka bayyana tun ranar farko cikin hira. Idan ba haka ba, ranar Juma'a ko cikin azumi wani zai ga kamar Musulmi ne ya bar salla ko yake ci da rana, a yi ta bayanin da bai zama dole ba.

Cikin watan azumi masu abinci da yawa ba sa buɗewa sai yamma, don haka ka tanadi abin dafawa. Hukumar Hisba takan bayyana cewa kamen masu ci da rana bai shafi wanda ba Musulmi ba, duk da haka ka ci a ɗaki ko a keɓe, don kara. Da magariba ka ce "barka da shan ruwa", idan aka miƙo maka ƙosai da kunu ka karɓa. Da Kirsimeti ko Ista kai ma ka raba. Wani zai yi ɗari-ɗari da nama saboda yanka, sai ka ce masa daga mahauta ka saya, ko ka ba shi cincin da lemo. Idan ya ƙi, kada ka riƙe shi a zuci. Ranar Juma'a daga wajen ƙarfe 12 da rabi ofisoshi sukan tsaya, hanyoyin kusa da masallatai su cushe, sai ka gama sa hannun takarda da safe.

Muhawarar addini kuwa, a nan muke roƙonka da babbar murya. Idan aboki ya tambaye ka abin da ka gaskata, ka amsa da tawali'u da girmamawa, kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ta koyar. Ka faɗi naka, kada ka taɓa nasa. Kada wata kalma ta fito daga bakinka a kan Annabi ko Alƙur'ani da za a iya ɗauka raini ce, ko da wasa, ko cikin fushi. Rukunin WhatsApp na aji ya fi ko'ina haɗari, domin saƙon murya yana fita daga rukunin cikin minti ɗaya, ba tare da abin da ya jawo shi ba. Kisan da aka yi wa wata ɗaliba Kirista a kwalejin ilimi a Sakkwato a watan Mayu 2022 daga irin wannan rukuni ya taso. Idan ana tura abin da ba na karatu ba, ka yi wa kaftin magana a keɓe. Idan ka ji ana yaɗa cewa ka faɗi wani abu, kada ka tsaya kare kanka a cikin taro. Ka tafi ofishin tsaro na makaranta nan take, ka kira malamin zumunci daga can.

Aljihu, jiki da zuciya

Ranar da kuɗin wata ya shigo ka raba shi: zakka da baiko gwargwadon abin da ka ɗaukar wa kanka, abinci, mota, data da buga takardu, da ɗan abin da ba a taɓawa sai ciwo. Ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku sayi shinkafa, wake, garin kwaki, taliya da mai a kasuwa, ya fi sayen ɗai-ɗai a shagon hostal araha. Kwanon farko da ka sayo ka auna shi da gwangwanin madara, ka ga gwangwani nawa kake ci a rana, daga nan ka san na wata. Caca ta waya da bashin manhaja suna cinye kuɗin rajistar ɗalibai, kuma duka biyun da ɗari biyu ake fara su.

Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40, lokacin sanƙarau ke nan, kada a cushe a ɗaki a rufe taga. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, asibiti kai tsaye. Da hunturu ka tanadi rigar sanyi da man shafawa, da damina gidan sauro. Ka buɗe kati a asibitin makaranta tun kana lafiya. Waya kuma kada ka riƙe ta a hannu a bakin titi ko cikin A Daidaita Sahu bayan magariba, ƙwacen waya gaskiya ne, idan aka tare ka ka miƙa.

Ƙanwarmu, jami'a tana da dokar sutura kuma masu gadi a ƙofa suna aiki da ita. Doguwar riga ko atamfa da ɗan gyale a jaka suna rage miki magana a cikin gari. Idan wani malami ko ma'aikaci ya soma kiran ki a lokacin da bai dace ba, kada ki je ofishinsa ke kaɗai, kada ki goge saƙonninsa, ki gaya wa wata malama da kika yarda da ita, ki kai ƙara ofishin harkokin ɗalibai a rubuce. Samari kuma, a Kano ba a miƙa wa mace hannu sai ita ta fara.

Soyayya za ta zo. Wadda ake ɓoye wa kowa ita ce abar tsoro, don haka wani babba a zumunci ko a gida ya san da ita. Idan tsakanin addini biyu ce, ku san gaskiyar tun farko: a shari'ar Musulunci mace Musulma ba ta auren wanda ba Musulmi ba, iyalai kuma ba sa ɗaukar maganar da sauƙi ta kowane ɓangare. Wanda damuwa ta hana shi barci ko cin abinci mako biyu a jere, ya yi addu'a, ya kuma je wurin likita ko sashen ba da shawara na makaranta.

Idan sakamakon zango ya fito, ka duba kowane kwas da fom ɗin rajistarka a hannu. Inda aka bar gurbi babu maki, ko aka rubuta ba ka zauna ba alhali ka zauna, ka rubuta takardar koke ta hannun malamin ajinku a cikin makon, ka haɗa da kwafin katin jarrabawa, ka riƙe kwafi ɗaya da aka buga wa hatimin karɓa. Kafin ka tafi hutun ƙarshen shekara, ka shiga shafin JAMB ka tabbatar sunanka yana cikin jerin ɗaliban da aka yi wa rajista a jami'arka da kwas ɗinka, domin da wannan jerin ake tura sunaye bautar ƙasa, kuma gyaransa a aji ɗaya ya fi sauƙi a kan aji huɗu.